Ciyawar Da Na Nome A Fakon Baba Nomau

Ruwan bana ya sauka da wuri. Kwana tara da yinsa sai ga tafasa ta leƙo a bayan katangar gidan ɗana a Ƙanƙara, daidai wurin da magina suka kwaɓa siminti suka bar ƙasa ta daskare. Ina zaune a tabarma na ga matar ɗan nawa ta fito da fartanya ta nufi wajen. Ban san lokacin da na miƙe ba, ni da nake kukan gwiwa tun azumi.

"Ke, aje! Kar ki taɓa mani ita."

"Inna, ciyawa ce fa."

"Na hi ki sanin ciyawa ce. Aje dai."

Ta aje tana dariya, ta ɗauka rigimar tsufa ce. Ba ta san na taɓa yin abin da take shirin yi ba, kuma saura ƙiris ya raba ni da miji.

Ni 'yar wajen Sabuwa ce. An kai ni gidan aure a wani ƙauye kusa da Ruwan Godiya, shekara biyu ko uku bayan babban farin nan da ya kashe shanu. Lokacin kuɗin mai sun fara shigowa ƙasa, ko'ina ka juya aikin hanya ake yi. Samari sun bar hauya sun koma leburanci, suna dawowa da rediyo da agogo da burodi a ƙarƙashin hammata. Mijina yana cikinsu. Sunansa Tanko, da can ko da wuƙa aka sa mini ba zan faɗa ba, yanzu kuwa tsufa ya ba ni lasisi. Ya yi aiki da kamfanin da ya gyara hanyar da ta bi ta wajenmu zuwa Sheme, har ya sayi keke sabo fil wanda yake gogewa fiye da yadda yake goge fuskarsa.

Kamfanin nan ne ya lalata musu gona. Gidansu gidan noma ne na asali, maza da mata kowa na fita. Akwai gandu na kowa da kowa, sannan kowane magidanci da kowace mata suna da gayaunarsu, wato ɗan yankin da mutum zai noma wa kansa. Yankin da surukina Baba Nomau ya ware wa Tanko, shi katafila ta shiga ta kankare, aka kwashe ƙasar sama, aka haƙi marmara tifa bayan tifa aka zuba a hanya. Abin da aka bari shi ne fako ja wur, mai tauri. In aka yi ruwa gudu yake yi a kai bai shiga ba, in rana ta take ba ka iya taka shi ba takalmi.

Da aiki ya ƙare a wajenmu, kamfanin ya ce zai koma Kaduna, yana kuma son Tanko ya bi shi. Tanko ya ce da ma me ya rage masa a ƙauye, gonarsa ta mutu. Baba Nomau ya ce ƙasa ba ta mutuwa, suma take yi. Suka ja, suka ja, har suka tsaya a kan magana ɗaya a gaban 'yan'uwa: a ba fakon damina uku. In ya fitar da gamba, dogon hakin nan da ake saƙa zana da shi, har ya isa zana ɗaya, Tanko ya zauna. In bai fitar ba, ya ɗauki akwatinsa da albarkar uba. Masu aikin hanya kuwa ba a zuwa musu da mata, a rumfar kwano suke kwana su goma-goma.

Duk wannan an yi shi kafin a kawo ni, kuma ba wanda ya gaya mini. Damina biyu sun wuce. Ni na zo a bazarar ta uku.

Bazarar nan ta yi zafi. Randa kan ɗumama tun hantsi, kaji su buɗe baki su kwanta a gindin rumbu, mu kuma mu yi ta surfe gumi na bin zani. Kullum da la'asar hadari ya haɗu ta gabas ya yi baƙi, mu kwashe shanya, sai iska ta watsa shi. Ranar da ruwan ya zo da gaske, uwar mijina Inna Kande ta tsaya a tsakar gida ta buɗe hannu yana dukanta, tana guɗa. Ƙamshin ƙasar nan har yau in na rufe ido ina jinsa. Washegari gida kaf aka fita shuka, maza na sara, mu muna zuba iri muna rufewa da diddige.

To a wajenmu akwai al'ada: noman farko na amarya shi ne jarrabawarta. Ba a cewa komai, amma ana kallo, kuma abin da aka gani shi za a kai gidanku. Uwata ta ja mini kunne tun kafin in taho, ta ce kada in bari a ce 'yarta raguwa ce. Ni kuwa ina da son a yaba mini, ba zan ɓoye ba. Wata rana muna dawowa daga gandu na ga wani fili ya cika da ƙarangiya da tafasa da wasu 'yan ciyayi marasa suna, na tambayi wata a gidan na wane ne. Ta ce gayaunar mijinki ce. Na ce a raina, ashe haka aka bar masa wuri kamar ba shi da mata. Za su gani.

Da asuba na yi sallah na ɗauki hauya na fice. Ƙasar na da tauri, hauya na ƙara, hannuna ya yi kanta ya fashe, ƙarangiya ta cika mini zani har ƙugu. Ban tsaya ba. Kafin rana ta take na share wurin tas, na tara ciyawar tsibi uku don in ta bushe in sa wuta. Abin da ya gagare ni kawai tumfafiya biyu ne da wata 'yar sabara da suka kafe a cikin marmara. Na tsaya na riƙe ƙugu ina kallon aikina, ja wur ba ko tsinke, ina jiran wanda zai fara wucewa ya yaba.

Baba Nomau ne ya fara wucewa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dubi gabas ya dubi yamma, ya cire hularsa, sai ya zauna daɓas a ƙasa.

"Amarya, wa ya sa ki?"

"Ba kowa, Baba. Na ga wurin ya yi ciyawa ne."

"Aradu," in ji shi, don ko da ya fara sallah bai bar rantsuwar kakanninsa ba, "shekara biyu ina kiwon ciyawar ga kamar ɗan maraƙi, ke kin cinye ta kahin hantsi. Kai, an kawo mana manomiya!"

Sai ya fashe da dariya, yana yi yana share ido, har na rasa dariyar ce ko kuka. Kafin azahar labari ya game ƙauye. A tsakar gida Inna Kande ta zaunar da ni ta warware mini zancen damina uku da zana ɗaya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Tanko, wanda ya shigo yana tura kekensa baki har kunne.

"Sannu da aiki, amarya. Wace irin atamfa kike so in aiko maki daga Kaduna?"

Na shige ɗaki na yi kuka mai isata. Wata uku kacal da aurena, na fara sabawa da mutumin nan, ina son sa, kuma da hannuna na share masa hanyar tafiya.

Da la'asar Inna ta leƙo. "Taso, ɗiyata. Kin ƙona ciyawar?"

"A'a, Inna."

"To da saura. Ɗauko kwando."

A nan na fara jin gardamar da tsofaffin nan biyu suka shekara suna yi, kuma ba su gama ta ba har suka bar duniya. Baba Nomau yana cewa daji tsari gare shi kamar gida, kowa da lokacin shigowarsa. Ya tsaya a bakin fakon yana lissafa mana da yatsu.

"Ƙarangiya ke hwara zuwa, don ita ba ta da girman kai, ko bisa dutse ta zauna. Ita ke tare ƙura da ɗan ganyen da iska ta kwaso. In ta mutu ta ruɓe, tahwasa ta samu wurin sa ƙahwa. Tahwasa ta yi inuwa, ƙasa ta yi sanyi, sai sabara da kalgo. Sannan gamba. Bayan gamba manyan itace. Ba mai tsallake wani. Yanzu amarya ta maishe mu ranar hwarko."

"Maigida, kai dai kana son lissahi," in ji Inna. "Wanda iska ta kawo, ko akuya ta kasayar, shi ke hitowa. In ba irin gamba kusa, zauna nan har haƙoranka su ida zubewa, ba ka ganin gamba. Dubi tumhwahiyar can, wa ta jira? Ai ba ta cikin lissahinka."

"Wannan baƙuwa ce."

"To mu ma baƙo za mu kawo."

Ni dai ban damu da wanda ya fi gaskiya ba, wanda zai tsayar mini da miji nake nema. Muka kwashe tsibin ciyawar nan muka mayar muka shimfiɗa a inda na nome ta. Inna ta sa aka rushe tsohon dangan karan dawa na bayan gida, muka baza karan a kai. Na ce mata gara za ta cinye. Ta ce ai garar take gayyata, ita ce za ta huda mana marmarar nan kyauta, ruwa ya samu hanyar shiga. Bayan kwana goma na ɗaga wani kara, na ga ƙasa ta yi ƙananan ƙofofi, da danshi a ƙarƙashi. Ban taɓa murnar ganin gara ba sai ran nan.

Sai Inna ta kira gayyar mata. Ranar da ba a zuwa gandu, mata sha wani abu suka zo da diga da hauya, aka dama kunu babbar ƙwarya. Muka yi ta haƙa 'yan ramuka kamar akushi a jere, muna tara ƙasar ta gangare don ruwa ya tsaya. Ana aiki ana waƙa, kuma waƙar duk a kaina take, amaryar da ta fi katafila. Wata tsohuwa ta ce in na gama da nan in zo in nome mata gashin kan mijinta. Tun ina sunkuyar da kai har na saki jiki ina ramawa. Kashin shanu kuma muka samo a rugar Fulanin da ke bayan rafi, Inna ta kai musu daddawa suka ce mu kwashi iya ƙarfinmu. Kwando-kwando muka yi ta jida a ka, muna zubawa a ramukan.

Daga nan muka gangara bakin rafi inda gamba yake da yawa, muka fasa tushensa muka ɗebo da ƙasarsa. Baba Nomau ya biyo mu yana faɗa.

"Lokacinsa bai yi ba! Kuna kai ango gidan da ba a yi rufi ba."

Tanko shi ma ya ce wannan zamba ce, ba haka aka yi magana ba. Inna ta tambaye shi ko a cikin maganar an faɗi wanda zai kawo gamban. Ya hau sosa ƙeya. Muka dasa layi-layi tun daga tsakiyar fili har gefe.

Sai ruwa ya ɗauke kwana goma sha ɗaya. Sama ta yi fari fat, dawa a gandu ta naɗe ganye. Kullum da safe sai na je na duba, kullum sai na tarar wani ya bushe. Duk wanda muka dasa a tsakiyar fili, inda ba abin da ke kare shi, ya ƙone ƙurmus. Na kirga da idona, bakwai ne kawai suka rayu, kuma dukkansu a gindin tumfafiyar nan biyu da sabarar da suka gagare ni cirewa. Na durƙusa a gaban sabarar na ce mata na gode da taurin kai. Baba ya zo ya gani, ya gyara tsayuwa.

"Na hwaɗa maku. Sai da na gabansa ya yi mashi inuwa."

"Wa ya kawo shi inuwar?" in ji Inna. "Da ƙahwarsa ya zo?"

Da ruwa ya dawo, ya dawo da ƙarfinsa, kwana uku ba mu ga rana ba. Ramukan nan suka cika suka riƙe ruwa. Cikin mako guda tafasa ta fito a kowane rami, har ta fi wadda na nome kauri, ga wasu tsirrai da suka fito daga kashin shanu waɗanda ko Baba sai da ya duƙa kafin ya gane su. Wannan karon mun yi wayo. Muka jira tafasar ta kai gwiwa, sannan muka sake ɗebo gamba muka cusa shi a tsakaninta. Baba bai hana ba, har shi ya nuna mana ramukan da suka fi sanyi, yana cewa ba taimakonmu yake yi ba, wucewa yake.

Tsakiyar damina ta same mu rumbu ya yi ƙasa, don tun farin nan gidan bai gama murmurewa ba. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, kunun safe ya tsinke har kana ganin gindin ludayi. Ka yi noma tun safe cikinka na ƙugi, in ka miƙe sai ka ga duhu-duhu. Masu aikin hanya in sun zo ganin gida suna ta labarin shinkafar da ake ci a birni, Tanko na saurare yana haɗiyar yawu. Abin da ya riƙe mu shi ne tafasar fakon nan. Inna ta koya mini in tsinki saman ganyen kawai in bar uwar. A dafa, a matse, a daka ƙuli-ƙuli da barkono da ɗan gishiri a kwaɗa. Tanko ya cinye akushi guda ya siɗe hannu, sannan ya tambayi inda aka samo.

"Daga gonar da ta mutu," na ce masa.

Washegari na hango shi daga nesa tsaye a bakin fakon, ya jingina kekensa, ya daɗe yana kallo. Duk da haka akwatinsa na nan a shirye a bayan ƙofa, kullum sai na yi tuntuɓe da shi. Ni kuma a lokacin jikina ya fara canzawa, ƙamshin daddawa na tayar mini da zuciya. Kunya ta hana ni gaya wa kowa. Inna dai ta dube ni sau ɗaya ta karɓe tulun da ke kaina.

Kaka ta yi, gero ya shigo, muka ci tumu har muƙamuƙi ya gaji. Gamba ya yi kai ya bushe. Saƙo ya zo cewa tifar kamfani za ta biyo ranar kasuwar Sheme ta kwashi masu tafiya. Ana gobe kasuwa Baba Nomau ya ɗauki lauje ya yanke gamban fakon kaf, bai bar ko ɗaya ba, bai kuma yarda an ƙara masa ko tsinke daga rafi ba. Dami ɗaya ne, shi ma ba babba ba. Ya zauna a gindin rumbu ya yi ta saƙa har la'asar.

Da safe gida ya taru. Baba ya miƙar da zanar ya jingina ta da bango. Tsawonta bai wuce ƙirjin mutum ba, faɗinta kuma in ka buɗe hannu biyu ka kusa gamawa da ita. Tanko ya fito da akwatinsa, ya sa rigarsa ta zuwa birni, ya dube ta ya yi dariya.

"Baba, wannan ce zanar? Ai ko akuya ba ta ɓoyewa."

"Zana munka ce. Ba mu hwaɗi tsawo ba."

"Haba Baba, a yi gaskiya mana."

Can bakin hanya muka ji tifa ta danna ƙaho. Sai Inna Kande ta tashi ta ɗauki zanar, ta kai ta lungun bayan ɗakina ta kafa, ta jawo kujerar tsuguno ta aje a ciki.

"Ba don akuya anka saƙa ta ba," in ji ta. "Mai wankan jego zaune take yi. Auna ta da matarka ka gani in ba ta isa."

Nan take wata ta rangaɗa guɗa. Tanko ya juyo ya dube ni baki buɗe. Na ja mayafi na rufe fuska na ruga ɗaki, ina jin Baba yana tambaya, "Mi anka ce? Mi anka ce?" Tifa ta sake danna ƙaho. Ta tsagar ƙofa na ga Tanko ya aje akwatin, ya je ya tsaya a gaban zanar, ya taɓa ta, ya ja bakinta ya ga ƙarfin saƙar. Ya daɗe a haka.

"Guntuwa ce," in ji shi. "Baɗi sai an ƙara."

Ya hau kekensa ya je ya sallami direba. Da ya dawo ya cire rigar birni ya tambayi inda aka aje diga.

A bayan zanar nan na yi wankan ɗan fari. Fakon kuwa ya ci gaba da abinsa. Kalgo ya zo, gamba ya yaɗu da kansa, a damina ta biyar muka shuka gero a gefe ya yi. Cikin tsirran da suka fito daga kashin shanu akwai ɗorawa guda, Tanko ya kewaye ta da ƙaya saboda awaki. Baba ya ce ta yi rashin kunya, ta tsallake layi. Inna ta ce saniya ce ta kawo ta, ya je ya yi ƙarar saniya. Su biyun ba su ga 'ya'yanta ba, amma ni na yi daddawa da kalwarta shekaru da yawa.

Duk kaka Tanko sai ya yanki gamban wurin ya saƙa mini sabuwar zana. Ta kai ta kewaye ɗakina, ta kai ta kewaye gidan gaba ɗaya. Kuma duk shekara in ya kafa ta, sai ya ja baya ya dube ta ya faɗi maganar nan, ni kuma in ce Allah ya kai mu. Ta ƙarshe da ya saƙa hannunsa na rawa, sai da ya kwana huɗu a kanta. Ya kafa, ya ja baya, ya dube ni.

"Guntuwa ce, Lami. Baɗi sai an ƙara."

Bai kai baɗin ba.

Na ba matar ɗana labarin nan, jiya da safe kuwa na fito na ga ta samo karan dawa ta shimfiɗa a gindin tafasar nan ta bayan katanga. Ta ce in ta yi ganye za ta kwaɗa mini. Na ce ta tsinki sama kawai, ta bar uwar.